Kiran Aishatu Mai Masa

Da aka shekara da rasuwar Sabitu, ɗan wasan barkwancin nan da duk Bauchi ta sha dariyarsa, abokan sana'arsa suka shirya taron tunawa da shi a wani zaure a unguwar Ɗan Iya. Joel suka sa a gaba, tunda shi ne abokin wasansa tun suna yawon makarantu da akwatin kaya a ka, kafin talabijin ta san da zamansu.

Joel ya zo da farin cikinsa. Ya ba da labarin yadda Sabitu ke cin tuwo kamar ana korarsa, da yadda ya ƙi barin Ƙofar Wambai bayan ya yi suna, wai in ya koma unguwar Gwallameji ba zai samu mai tsokanarsa da safe ba. Mutane suka yi ta ƙyaƙyatawa. Sai wani daga baya ya ɗaga murya, "A yi mana Mai Masa!" Nan take zauren ya ɗauka.

Mai Masa shi ne wasan da ya fito da Sabitu, inda yake kwaikwayon Aishatu, wata mai suyar masa a unguwarsu, mai in'ina, da yadda take sarƙewa in tana kiran masu saye. Gari ya haukace a kai. Amma ranar da Sabitu ya tarar yara sun kewaye tandarta suna maimaita wasan, ita kuma ta kama bakinta tana ciniki da nuni, ya je ya durƙusa ya nemi gafara. Bai sake yi ba, ko a gaban manyan da ke gayyatarsa. Ya kuma sa Joel ya yi masa alkawarin shi ma ba zai taɓa yi ba, don Joel ya fi shi iya muryar.

Matsalar ita ce Joel mutum ne mai son tafi, kuma bai iya ba jama'a kunya ba. Kiran har ya hau masa kan harshe. Ya haɗiye shi da ƙyar.

"Ku yi haƙuri, jama'a," ya ce. "Mai shi ya binne wannan tun yana da rai. Ba ni zan tono ba."

Aka yi gunaguni, wani ma ya ja tsaki. Sai wata tsohuwa a layin mata ta dafa kujera ta miƙe. Joel bai san Aishatu ta zo ba.

"To, ga mai abin," ta ce a hankali. Ta gyara mayafi, ta buɗe maƙogwaro, "Ma-ma-masa da za-zafi!"

Zauren ya fashe da dariya da tafi, ita ma tana dariya har da riƙe ciki. Joel ya yi tasa yana share ƙwalla, don kewar abokinsa ta taso masa.

Da aka watse ya je ya rusuna ya gaishe ta. "Inna, ashe kina nan?"

"Ina nan, ina kallon bakinka." Ta dube shi sama da ƙasa. "Da ka yi, da na yafe maka, ɗan nan. Amma da kai da masata har abada."