Fegin Safiyo a Gonar Doya

Maiwada ya sake zazzage irin doyarsa a tsakar gida yana jujjuya su. Duk sun yi tsiro, wasu har sun lanƙwashe don neman ƙasa.

"Malam, za ka karya tsiron nan," in ji matarsa Zulai. "Ko dai ka shuka, ko ka ba ni in dafa."

Tun ranar da ma'aikatan safiyo suka zo Nasarawan Doya, suka ga koren dutsen da ya leƙo a kwarin gonarsa, suka kakkafa fegi masu jan fenti, Maiwada bai ƙara samun sukuni ba. An ce tagulla suke nema. In akwai, gwamnati za ta karɓi gonar, duk abin da ya binne ya tafi ke nan. Ga ruwa ya sauka, maƙwabta sun gama tara tsibi.

Ya hau keke ya nufi Makarfi, don an ce motar ma'aikatan safiyon tana bakin kasuwa. A hanya yana ta bitar shawarar ƙanensa Tanko: "Suna tambaya yaushe dutsen ya fito. Ka ce bara. In sun ji sabo ne za su tafi." Shi kuwa Maiwada tun yana yaro yake wasa lauje a jikin dutsen. Ya taka keken, ya sauka ya tura, ya sake hawa.

A bayan masu sayar da rake ya tarar da Irmiya, saurayin da ke yi wa Baturen safiyo aiki, yana ɗaure duwatsu cikin 'yan jakunkuna. Irmiya ya rusuna suka gaisa har da tambayar ruwa.

"Dutsen nan," in ji Maiwada, idonsa a ƙasa, "bara ya fito."

"Baba, ai na ga inda lauje ya cinye shi."

Maiwada ya gyara hularsa, ya rasa inda zai sa hannu.

"Kuma ba wannan fitowar muke tambaya ba," in ji Irmiya a hankali. "Dutsen can ƙarƙashin ƙasa ya samu, da tsaunuka a kansa. Ruwan sama ya yi ta cin tsaunukan har ya matso sama. Daga nan ruwa ya riƙa jiƙa tagullar yana gangarawa da ita, tana taruwa a ƙasa kamar kanwa a gindin tukunya. In an daɗe ana haka, akwai arziki. In ba a daɗe ba, koren fuska ne kawai."

"Daɗewa tun kakannina?"

"Tun babu mai ƙirga shekara."

"To yaushe za a sani?"

"Sai an kai Kaduna, daga nan jirgi ya kai Ingila a auna. Ko Baturen bai san ranar amsa ba."

"Ikon Allah! An ce mun sami mulkin kai, amma dutsena sai Ingila ta faɗi shekarunsa? Ɗan nan, doyata ba ta san Ingila ba. In shuka ko kada in shuka?"

Irmiya ya dubi jakar da ke hannunsa. "Wannan ya fi ƙarfina, Baba. Abin da aka ce mini kawai, kada kowa ya taɓa fegi."

Da la'asar Zulai ta iske shi a gona, ɗauke da kwandon irin da ya aika ta kawo. Ya tuɓe riga, yana ta jan ƙasa da garma. Kusa da kowane fegi ya tara tsibi guda, har ƙasar tana shafar gindinsa.

"Malam! Fegin gwamnati fa!"

"Na taɓa shi?" Ya karɓi iri ɗaya, ya binne, ya juya tsiron ya fuskanci jan fentin. "Dama ba ni da sandunan da za ta bi. Doyar ce za ta hau. In sun dawo, su yi magana da ita."