Makon da Ba a Karanta Sunan Marlene Pawlak Ba

Shekara talatin da ɗaya na yi a ofishin makarantar cocinmu a Toledo, ƙasar Amurka. Ni ce mai ɗaga waya, ni ce mai buga tafireta, ni ce mai liƙa filasta a gwiwar duk wanda ya faɗi a filin wasa. Yara suna shakkata, kuma ban ga laifinsu ba. Bakina ba shi da linzami, haƙurina kuwa ba ya kai sha biyun rana.

Kowace safiya da ƙarfe takwas da kwata, shugabarmu Sista Bernadine takan kunna lasifika ta karanta labaran makaranta: ajin da ya ci gasar rubutu, ranar suyar kifi ta lokacin azumin kafin Ista, wanda ya manta hularsa a coci. A ƙarshe sai ta jero sunayen marasa lafiya, yara ɗari biyu su amsa daga azuzuwansu, "Ya Ubangiji, ka ji addu'armu." Ni nake buga jerin sunayen kowace Juma'a, a yi mako guda ana karanta shi. Dokar wata ɗaya ma ni na kawo ta, har ina alfahari da ita: suna ba ya wuce wata guda a jeri sai an sabunta shi da ɗan kati ruwan ɗorawa a akwatin bakin ofis. Kafin dokar, mun shekara biyu muna yi wa wani dattijo addu'ar ciwon ƙafa, ashe tuni ya warke ya koma Florida yana kamun kifi.

Josie Pawlak tana aji uku, shekarunta takwas. Mahaifiyarta Marlene ta yi wata goma sha huɗu tana fama da ciwon daji. Uban yana masana'antar gilashi, daga can sai asibiti, don haka Josie ce da kanta take rubuta katin kowane wata da fensir, tana danna shi har rubutun ya fito ta baya. Malamarta ta ce mini idan aka zo sunan uwar, muryar Josie ce ke danne ta kowa a ajin.

Wata Litinin a cikin Maris, Sista ta karanta jerin babu Marlene Pawlak. Da aka fita tara sai ga Josie a bakin tagar ofis, haɓarta ba ta ma kai katakon ba.

"Misis Gorski, ba a faɗi mamata ba."

"An ga katinki ne da za a faɗe ta?" na ce, ban ko ɗago daga tafireta ba.

"Na saka."

"Ni na buɗe akwatin da hannuna ranar Juma'a, ban ga komai ba. Mantawa kika yi. Ungo wani, ki cika, Litinin mai zuwa za ta shiga."

"Ba za a iya gobe ba?"

"In na yi miki, sai in yi wa kowa. Maza, an kusa kaɗa ƙararrawa."

Da na ga dama, da alƙalami kawai zan ɗauka in ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar. Ko minti guda ba zai ci ba.

Ranar Alhamis ɗin makon Marlene ta rasu. Litinin ɗin da na yi wa yarinyar alkawari, Sista ta karanta sunan, amma a cikin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ranar jana'iza 'yan aji uku suka jeru biyu-biyu da rigunansu na makaranta zuwa coci, matan unguwa suka cika gidan Pawlak da tukwanen abinci, kamar yadda muka saba.

Bayan mako guda Josie ta dawo makaranta. Ba ta kuka, ba ta magana, akwatin abincinta yadda ta zo da shi haka take mayar da shi gida. Wata rana kakarta, tsohuwa Misis Pawlak, ta shigo ofis ta zauna a kujerar da yara masu zazzaɓi ke jiran iyayensu.

"Lorraine, yarinyar nan za ta bi uwarta," ta ce da ni. "Wai ita ta kashe ta. Wai wata goma sha huɗu ana faɗin sunan tana raye, ta manta kati sau ɗaya, shi ke nan. Fada, limamin coci, ya yi mata magana, Sista ta yi, ubanta har kuka ya yi a gabanta. Sai ta gyaɗa kai kawai. Siket ɗinta yanzu da fil nake riƙe mata shi."

Na ce Allah ya kawo sauƙi, na haɗa mata kofi. Har a lokacin ban ga hannuna a cikin lamarin ba. A ganina doka na bi.

Bayan Ista sanyi ya ragu, na kwaso suwaitar da nake rataye ta a bayan kujerar ofis zan kai wanki. Ina laluba aljihu na ji takarda. Ruwan ɗorawa ce, an rubuta da fensir: Marlene Pawlak, mamar Josie, aji uku. Nan take ranar ta dawo mini: Juma'ar suyar kifi, waya tana ta ƙara, wani yaro ya yi amai a baranda, na kwashi katunan na cusa a aljihu na fita da guga. Da na dawo na zaro su, wannan ya maƙale a ciki.

Ba zan ɓoye ba, sai da na kalli kwandon shara. Na daɗe ina kallonsa. Tsoro nake ji, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na ajiye katin a teburin Sista Bernadine. Ta karanta, ta cire tabarau.

"Ke za ki gaya mata, ba ni ba," ta ce. "Amma ki ƙara mata da cewa Allah ba ya duba akwatinki kafin ya yanke hukunci. Kada ki bar ta da wannan tunanin."

Na aika aka kira Josie. Karon farko a aikina na zagayo daga bayan tebur na durƙusa a gaban yaro, gwiwoyina suna ƙara. Na miƙa mata katin.

"Kin gane wannan?"

Ta juya shi, ta shafa bayan inda fensir ya fito.

"Nawa ne."

"A aljihuna na same shi. Kin saka, Josie. Ba ki manta ba."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Ashe na saka."

"Kin saka."

"Ke nan ke ce?"

Maganar Sista tana bakina, na shirya ta tun kafin yarinyar ta shigo. Amma Fada ya faɗa mata ita, Sista ta faɗa, ubanta ya faɗa, duk ba ta shiga ba. A wurin yarinyar nan dole akwai mai laifi, abin da kawai zan iya canjawa shi ne wane ne. Na ga kafaɗunta sun sauka, ta ja wani dogon numfashi kamar wadda ta sauke kaya. Sai na haɗiye maganar.

"Ni ce," na ce.

Ta ninke katin ta sa a aljihun rigarta, ta fita ba ta rufe ƙofar ba. Da rana malamarta ta leƙo ofis da murna, wai Josie ta cinye burodinta har ta karɓi rabin tuffa daga hannun ƙawarta.

Shekara biyar ta ƙara a makarantarmu kafin ta gama aji takwas. Ta yi tsawo, kumatunta suka dawo, ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci. Kowace safiya sai ta wuce ta gaban tagata, domin babu wata hanya zuwa azuzuwa, kuma kowace safiya takan juya fuskarta bango har ta wuce. Ban taɓa kiran sunanta ba. Idan na ji tafiyarta nakan sunkuyar da kai kan tafireta, don kada ta sha wahalar kauce wa idona.