Gwajin da Octave Ya Faɗi da Gangan

Ranar Lahadi, a zango na uku na wasa, gwiwar wani ƙato ta sami Octave a gefen kai. Ina zaune a ɓangaren iyalan 'yan wasa, 'yarmu Noelle tana barci a cinyata. Na ga ya kwanta a ciyawa na ɗan lokaci, sannan ya miƙe ya tafa hannu sau biyu. Filin ya kaure da ihu saboda ya kayar da mutumin kafin ya kai layi. Ni abin da na gani daban ne. Da ya tashi, ɓangaren abokan hamayya ya nufa, sai da abokinsa Dorsey ya jawo shi ta riga.

Mijina mai tsaron baya ne a ƙwallon Amurka. Aikinsa ya manne wa mutumin da za a jefa wa ƙwallo, ya bi shi da gudu, rabin gudun ma da baya-baya, ya hana shi cafewa, in kuwa ya cafe ya kai shi ƙasa. Shekara bakwai ke nan yana yi. Da ya gama jami'a a Louisiana babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Da ƙafarsa ya je gwaji, aka ɗauke shi, aka sallame shi, wata ƙungiyar ta sake ɗauka. Sau uku ina naɗe kayan gida cikin kwalaye, sau ɗaya ma da cikin wata bakwai. Bana ne karon farko da sunansa ya shiga cikin masu fara wasa. A bayansa kuma akwai sabon ɗauka, Kendrell, mai ƙafa kamar barewa, yana jiran ranar da Octave zai yi tuntuɓe.

Litinin da yamma ya dawo daga kallon faifan wasa tare da Dorsey. Jan wake da shinkafa na dafa, kamar kowace Litinin tun muna gida.

"Madam Shantrell, tun daga bakin titi na jiyo ƙamshin waken nan," in ji Dorsey yana jan kujera. "Mijinki ya ce kada in zo, shi ya sa na zo."

"Kai wai ba ka da tukunya ne a gidanka?"

"Ina da ita, sabuwa fil. Ba na son ta tsufa."

Octave bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya kashe fitilar kicin, alhali rana ta fara faɗuwa, ya zauna ya ba taga baya.

"Likita ta kira tsohon nan naki yau," Dorsey ya ci gaba da baki cike. "Ta ga dukan a faifai, ta zaunar da shi gwaji. Kin san me? Ya ci. Har ya fi na Yuli. Na ce masa ashe gwiwa yake buƙata a kai tun yana firamare."

Na ajiye ludayi.

Duk watan Yuli, kafin a fara kakar wasa, ana zaunar da kowane ɗan wasa gaban kwamfuta. A nuna masa kalmomi ya tuna su, a nuna masa siffofi ya danna maɓalli da sauri. Sai a ajiye sakamakon. Duk ranar da ya bugu a kai, a sake masa gwajin a kwatanta, in ya kasa kai na Yuli ba zai taka fili ba sai ya warke. To tsofaffin hannu sun daɗe da gano hanyar zillewa. A Yuli, lokacin da kanka yake lafiya ƙalau, sai ka yi sanyin jiki da gangan. A wannan teburin na ji Dorsey yana koya wa Octave. Ya ce kada ka cika wauta, za su gane, ka dai ƙirga ɗaya a zuci kafin ka danna, ka bar kalma biyu ka ce ka manta. Octave ya yi, ya dawo yana ba da labari. Ni ma na yi dariya ranar. Ina faɗa ne don kada a ɗauka na fi su hankali.

Ke nan gwajin da ya ci yau bai nuna komai ba. Mai ciwo ne ya tsere wa mai lafiyar da ya ƙi gudu.

Cokali huɗu ya ci ya ture kwano. Kafin Dorsey ya tafi, sau biyu Octave ya tambaye ni yaushe ne rigakafin Noelle, kuma duka biyun na ba shi amsa.

Talata ce ranar hutun 'yan wasa, kuma ita ce ranar da yake kai Noelle gidan reno da kansa, ni in wuce asibitin haƙori inda nake aiki. Abin da ya fi so ke nan a mako. Na yi niyyar hana shi, amma da safe ya tashi garau, yana waƙa yana ɗaure mata gashi a karkace, sai na bar su. Wannan kuskurena ne, kuma ban sake shi ba.

Ƙarfe tara saura kwata aka bugo mini daga gidan renon, ana tambaya ko Noelle ba za ta zo ba yau. Tafiyar minti goma ce, kuma tun takwas suka fita. Na kira shi.

"Kuna ina?"

"Muna nan."

"Nan ina, Tave?"

Ina jin muryar Noelle a baya tana surutunta. Can ya ce, "Wani gidan mai. Mai jan rufi."

Na cire safar hannu, na gaya wa oganmu ina da uzuri, na shiga mota. Wayarsa ce ta nuna mini inda yake, can hanyar fita gari. Na same shi ya kifa kai a sitiyari. Noelle tana kujerarta a baya tana cin biskit, ta gan ni ta ɗaga hannu. Igiyar kujerar a kafaɗa ɗaya kawai take, ɗayar tana reto. Na gyara ta tukuna, na ja na tabbatar, sannan na buɗe ƙofarsa.

"Sun canza hanyar ne," in ji shi.

"Ba su canza komai ba."

"Kaina ne ke ɗan sarawa. Trell, ranar Talata kowa kansa na sarawa, haka aikin yake."

"Ba ni makullin."

Ya ba ni ba gardama, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

"Gobe da safe za ka gaya wa likitarku, Dakta Halvorsen, abin da ka yi a Yuli," na ce. "Da na yau. In ba ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Nan ya ɗago. "Ke? A cikin ginin ƙungiya? Matan 'yan wasa ba sa shiga ginin nan. Kin san sunan da za su sa mini?"

"Su kira ka da duk sunan da suka ga dama, in dai kana iya amsawa."

"Ba ki gane ba. Mako biyu kawai na zauna, Kendrell ya karɓe wurin, kuma ba zai mayar ba. Ni ma haka na samu, wani ne ya karye a idon sawu. Shekara bakwai, Trell!"

"Na sani. Ina wurin."

"To ki bar ni in buga Lahadi. Wasa ɗaya. Bayan shi zan faɗa, na rantse."

"In wani ya sake samun ka a wuri guda kafin na farkon ya warke fa? Ka kasa kai 'yarka wurin da kake kai ta duk mako. Ta yaya za ka bi mutumin da ke gudu kamar mota?"

"A fili jikina ya san hanya."

"Jikinka ba shi nake tsoro ba."

Na kai su gida a motata. Na koma daga baya da maƙwabciyarmu muka ɗauko motarsa. Ranar na sauke labule, na ɓoye masa na'urar da yake kallon faifan wasa, na kai Noelle wasa waje don gidan ya yi shiru.

Laraba ƙarfe shida da rabi na safe ni na tuƙa. Da muka kai ƙofar filin atisaye ya ce in sauke shi a nan. Na wuce ciki na faka. Na ɗauko Noelle na saɓa ta a kafaɗa, na rataya jakarta, na bi bayansa. Mai gadin ya dube ni, ya dubi Octave, ya buɗe.

A farfajiya muka yi kiciɓis da Dorsey, da kofin kofi a hannu.

"A'a! Madam da kanta? Ɓatan hanya kika yi, ko wake kika kawo mana?"

"Wajen likita za mu."

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya matso ya rage murya. "Haba, 'yar'uwa. Kada ki yi masa haka. Ki bar mana, mu muka san yadda muke lallaɓa junanmu."

"Yaya kuka lallaɓa shi ranar Lahadi?"

Ya dubi kofinsa.

"Dorsey, ina tambayarka."

"Sau uku ya tambaye ni wane tsari muke bugawa," ya ce a hankali. "Ni na riƙa nuna masa inda zai tsaya har aka tashi."

Octave ya juyo ya dube shi. Daga fuskarsa na gane bai ma tuna an yi haka ba.

"Ka san wannan," na ce wa Dorsey, "kuma ka zo gidana ka cinye kwano biyu kana ba ni labarin ya ci gwaji."

"Uku," in ji shi, bai ɗago ba. Ya matsa gefe ya ba mu hanya.

Ofishin Dakta Halvorsen yana ƙarshen wani dogon baranda, bayan ɗakin da ake naɗe wa 'yan wasa ƙafa da filasta. Duk wanda muka wuce sai ya bi mu da kallo. Wani ya fara cewa, "An rako yaro makaranta," na tsaya na dube shi har ya sami abin yi da takalminsa. A bakin ƙofa Octave ya sa hannu ya tare ni.

"Tsaya nan. Kaina ne, ni zan faɗa."

"To. Amma ka bar ƙofar a buɗe."

Ya bari. Na jingina da bango, Noelle tana wasa da ɗankunnena, na ji shi yana faɗa, daga ƙirga ɗaya a zuci har gidan mai mai jan rufi. Bai rage komai ba. Likitar dattijuwa ce, ba ta ɗaga murya. Ta ce masa ba shi ne na farko da ya yi mata wannan dabara ba, shi ne dai na farko da ya shigo da ƙafarsa ya faɗa. Ta sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ya rufe ido, na ji ya dafe tebur. Ta ce ya jero watannin shekara daga ƙarshe zuwa farko. Disamba, Nuwamba, Oktoba, daga nan ya kakare.

"Ba atisaye, ba tuƙi, ba faifai," in ji ta. "Lahadi kuwa ka manta da ita. Waye a waje?"

"Matata ce."

"Ce mata ta shigo. Ita zan ba takardar umarnin, kai za ka yar."

Wasa uku ya zauna. Kwana huɗun farko ba ya ce mini komai in ban da "to" da "a'a". Ban bi shi da lallashi ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Na riƙa ba shi abinci a kan lokaci, ina rubuta wa likita yadda ya kwana da sau nawa kan ya sara. A wasa na biyu Kendrell ya cafke wata ƙwallo da abokan hamayya suka jefa a sama ya ruga da ita har ƙarshen fili. A rediyo muka ji, a falo, da rana tsaka. Octave ya ce, "Ni na nuna masa yadda ake karanta ƙugun mai cafe ƙwallo a gane inda zai bi." Ya tashi ya shiga ɗaki.

A mako na huɗu aka sake masa gwaje-gwaje na gaskiya, likita ta sallame shi. Ranar da ya koma atisaye ya dawo da la'asar, ya ajiye jaka a bakin ƙofa.

"Wurin ya tafi," in ji shi. "Koci ya ce Kendrell zai ci gaba da farawa. Ni sai in ana buƙatar mai tsaron baya na biyar, a tsakiya. Rabin wasa ke nan, in an yi sa'a."

"Na ji."

"Shi ke nan? Ba ki da abin cewa?"

"Ina da shi. In aka sake, zan sake."

Ya tsaya yana kallona. "Na sani," ya ce. "Abin haushin ke nan."

Ya cire takalmi, ya ture teburin falo zuwa bango, ya naɗe kafet. Noelle ta haye kujera ta zauna tana kallo.

"Zo ki tsaya nan, sabon wurin zan gwada. A tsakiya ba fili, mutum na iya karyawa dama ko hagu, taku biyu kawai gare ni. Ke ce mai cafe ƙwallo. Ki zaɓi ɓangare, kada ki gaya mini."

"Ina da abinci a wuta, Tave."

"Sau biyar kawai."

Na rage wutar, na dawo na tsaya inda ya nuna. Ya durƙusa kaɗan a gabana, ya zuba wa ƙuguna ido. Na yi kamar zan bi dama, na karya hagu da iyakar ƙarfina, na tarar yana can yana jirana.

"Sake," in ji shi.