Gaba Goma Sha Biyu

Sau uku Hambali yana goge manhajar zana taswira yana sake ɗora ta a kwamfutarsa, amma hoton bai canza ba. Ruwan ƙasa a gabashin lambun da ke garin Samnu ya fito a mita goma sha biyu, alhali rijiyoyin yamma duk sun haura ashirin. Alhaji Yusuf, mai lambun, ya ce taswirar ƙarya ce, in ba ta gyaru kafin la'asar ba Hambali ya nemi wani aikin.

Rai a ɓace Hambali ya kira Kimba, tsohon mahaƙin rijiya da ya auno gabashin.

"Baba Kimba, da me ka auna?"

"Da igiya mana. Gaba goma sha biyu cif."

"Gaba? Mita na ce maka!"

"Kai, tun ba a haife ka ba nake auna rijiya da hannuwan nan."

Hambali ya ɗauko tef ɗin awo. "Buɗe su."

Da Kimba ya buɗe hannuwansa, gaba ɗaya tasa saura kaɗan ta kai mita biyu. Hambali ya ninka lambobin, ya danna, taswira ta daidaita.

"Ka gani," in ji Kimba, "ban yi kuskure ba."

Hambali ya suri kwamfutar ya nufi wurin Alhaji.