Ranar da Inna Hauwa'u Ta Kai Ƙara

Inna Hauwa'u ta dire turken ƙarfen a kan teburin Muzzammil da ƙarfi, har ƙasar da ke maƙale a gindinsa ta watsu a kan buhunan iri. Tun daga ƙauyen Maruda ta naɗo shi a cikin zane, ta shiga mota da shi har Kalgo.

"Wanga naka ne? Tsakiyar albasata na tumɓuke shi."

Muzzammil abokin ɗanta ne tun suna firamare, yanzu yana da shagon taki a bakin kasuwa. Ya miƙe ya rusuna. "Inna, ki zauna a kawo miki ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Mi ya kai ku fadamar mijina da igiyar awo?"

Sai ya shiga yi mata bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya. Ɗanta da ke Italiya ya buɗe kamfanin jigilar kaya a can. Lauyansa ya gaya masa duk fili ko gidan da ya mallaka, ko a ina yake, sai ya bayyana wa hukumar haraji, kuma yana iya biya a kansa. Shi ne ya ga gara ya sayar da fadamar ya huta. Ya aiko wa Muzzammil takardar wakilci, har an sami mai saye da zai yi ma'ajiyar shinkafa.

"Haraji," in ji ta. "Turawa sunka taɓa yi mata ban-ruwa? Ni da ke duƙe cikinta tun ina da haƙora ba a tambaye ni ba, an tambayi lauya."

"Ya ce marigayi kyauta ya ba shi ita tun yana raye."

"Ƙarya ne. Ina ɗakin har ya cika. Tashi, kai da wakilcinka, mu tahi gaban alƙali."

A motar zuwa Gwandu, inda kotun take, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Muzzammil yana ta danna waya, ita tana kallon gonaki suna wucewa. Rabon da ta ga ɗan nata da idonta tun kafin ubansa ya kwanta ciwo. Bai zo jana'iza ba, wai takardun zamansa ba su fito ba. Aike kam ba ya yankewa. Ya sa an yi mata rufin kwano, an kafa mata sola, ɗakin ya yi haske tas, ita kaɗai a ciki take cin tuwonta tana jin tuƙar awaki a bayan katanga.

Bayan azahar suka sami magatakardan kotu, wani dattijo mai suna Malam Zubair, yana shirin tashi. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba, duk da rabin maganar zagi ne.

"To, wa kike ƙara?"

Ta nuna Muzzammil da haɓa.

"Wannan ɗan aike ne, Inna. Wanda ya wakilta shi za ki yi ƙara."

"To shi. Yaron nan."

"Wane yaro? Sunansa zan rubuta."

Ta kau da kai. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ba ta taɓa furta shi ba, ko a gaban mutane ko ita kaɗai. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Ko da zazzaɓi ya kusa ɗauke shi yana ƙarami, "kai, yaro" take cewa tana shafa masa ruwa.

Muzzammil ya buɗe baki zai faɗa, magatakarda ya ɗaga masa hannu. "Mai ƙara nake tambaya."

Daidai nan wayar Muzzammil ta yi ƙara. Ya duba, ya saka ta a sifika, ya ajiye a kan tebur. Muryar ta fito da ƙugin motoci a bayanta.

"Inna? Ina wuni. Da gaske kotu kika tafi? Haba Inna, ki bari mu yi magana a gida."

"Wane gida?" Ta juya ga magatakarda, ta gyara mayafi. "Rubuta. Sirajuddeen."

Sunan ya fito mata da nauyi, kamar ba bakinta ba. A cikin wayar ba a jin komai sai motoci.

Malam Zubair ya rubuta, ya matso da wayar. "Malam Sirajuddeen, kana ji? Ka ce kyauta aka yi maka. Kana da shaidu?"

"Baffa Hassan kaɗai ya rage. Ɗayan ya rasu."

"Alƙali ne zai yanke, amma da shaida ɗaya ana iya neman ka rantse. Wakili yana iya tsaya maka a komai, ban da wannan. Sai ka zo da ƙafarka, ka yi alwala, ka dafa Alƙur'ani."

Inna Hauwa'u ta ɗago kai. Kafin ta ankara har ta fara lissafin zakaran da za ta yanka, da ɗakin ubansa da ke buƙatar shara. Ya zo ya rantse mata ƙarya ma, in dai zai zo. Za ta zage shi tas a gaban alƙali, sannan ta dama masa fura.

"Malam, ba zan iya barin aiki yanzu ba," in ji muryar. "Lokacin lissafin haraji ne, kuma direbobina sababbi ne." Ya ja numfashi. "A bar mata. Na janye maganar kyauta, da rabona na gado duka. Lauyana zai aiko da takarda a sa sunanta, ni ma hakan ya fi mini sauƙi a nan. Muzzammil, ka cire turakun. Inna, ki yi haƙuri, zan kira ki."

Wayar ta mutu.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Zubair, yana jan layi a kan abin da ya rubuta. "Ko zama ba a yi ba kin sami gonarki."

Ba ta tashi ba. Ta daɗe tana kallon wayar.

"In na ce ban yarda ba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "dole shi zo?"

"Ba ki yarda da me ba, Inna? Ya bar miki komai."

Muzzammil ya ce zai samo mata ɗan acaɓa zuwa Maruda. Ta ce a'a, ƙafarta lafiya lau. Ta fita ta kama hanya ita kaɗai, tana sauri, don albasa ba ta sha ruwa ba tun jiya.