Sunan da Gogo Ba Ta Kira

Hamajoɗa bai tsaya jingine keken ba, ya yar da shi a ƙofar shagon Haladu mai sayar da rediyo, ya fizge wayar lasifika. Waƙar ta mutu a tsakiya. 'Yan dakon kasuwar Jimeta da ke ta rawa suka yi masa ca.

"Kai, mahaukaci ne? Ai muryarka ce!"

Muryarsa ce kuwa. Faifan farko na Taurarin Binuwai ke nan, jiya ya iso daga Ikko. Su huɗu ne, sun gaji da kaɗa wa ma'aikatan gwamnati jita a kulob, yau ga su a faifai. Amma Hamajoɗa ji yake kamar ya tattaka shi.

Zadok mai jita, shugaban ƙungiyar, ya fito daga shagon baki har kunne.

"Sau biyu muka ɗauki waƙar," in ji Hamajoɗa. "Na ce a buga wadda babu sunan. Ka yi mini alkawari!"

"Ta biyun ba shi da rai, aboki. A na farko muryarka ya karye, nan ne daɗin."

"Daɗin! Waƙar Gogona ce, mutumin banza!"

Gogo Zulaihatu, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi a Yolde Pate bayan kogi ya cinye ɗanta na fari. Bafulatana ba ta kama sunan ɗan fari, ko yana raye ko ya mutu. Sau ɗaya tak Hamajoɗa ya ji ta, tana niƙa, ta ɗauka ba kowa a gidan, tana rera sunan ɗan nata, Jibrilla, a hankali. Shi kuma sarkin wayo ya sace waƙar, ya sa mata ganga, a gaban makirfon sunan ya suɓuce masa.

"A ƙabilarmu," Zadok ya ce, murmushin ya tafi, "uwa yana kiran sunan wanda ya mutu har gari duka ya ji. Na ɗauka girma ne muka ba ta."

Hamajoɗa ya cakumi wuyan rigarsa. Haushin Zadok yake ji, amma haushin kansa ya fi, shi ya sa ma ya ƙara matse shi.

Haladu dai ɗan kasuwa ne, rigimar mawaƙa ba ta dame shi ba. Ya mayar da wayar. Lasifika ta kware baki: Jibrilla, Jibrilla, 'yan dako suna amshi suna karkaɗa ƙugu.

Sai Hamajoɗa ya hango Gogo. Tana tsaye a bakin rumfar masu gishiri, ƙwarya a ka, ba ta motsi. Ta saurara har waƙar ta ƙare. Ba ta yi kuka ba, da ma kukan ta yi da ya ji sauƙi.

Ya saki Zadok, ya ruga ya durƙusa a gabanta.

"Gogo, zan tara faya-fayen duka in fasa."

"Ka fasa bakin mutane ma?"

Ta gyara ƙwaryarta, ta dubi saman kansa.

"Ba ni hanya, Hamajoɗa."

Tun ranar da ta ɗauke shi a madadin ɗanta, yau ce rana ta farko da ta kama sunansa.