Abin da Fanka ta Biyu ta Haɗiye

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran kwamfuta a Bodinga, kuma abin da nake taƙama da shi ɗaya ne: ban taɓa yi wa inji ƙarya ba. Don haka da aka kira ni zuwa Shagari, ofishin wata ƙungiyar manoman albasa, na hau babur da girman kaina.

Suna da babbar kwamfuta da ake kira saba, a cikinta sunayen manomansu suke, daga Mandera har Dandin Mahe. Sati uku ke nan kullum bayan azahar sai ta yi kuka sau uku ta mutu. An kafa kwamitin mutum bakwai. Sun zauna sau tara, sun ci tuwon shinkafa sau tara, sannan suka gano cewa laifin Safinatu ne, matar da ke shigar da sunaye, domin ita kaɗai ke taɓa injin.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗantani, ya tarbe ni da takarda a hannu.

"Malam Zainulabidin, aikin ba shi da yawa," in ji shi. "Mun riga mun yi bincike. Ka sa hannu nan cewa hannunta na yaɓ ɓata shi, mu sallame ta."

Safinatu na tsaye bakin ƙofa. Mijinta ya rasu bara, yara uku take ciyarwa da wannan aikin.

"Ranka shi daɗe, bari in gaisa da mara lahiyar tukuna," na ce.

Ɗakin sabar an share shi tas, an kuma turara shi har ido na yaji. Ban taɓa ganin an yi wa kwamfuta turaren wuta ba, sai ka ce amarya. A gaban injin wata fitila ruwan ɗorawa na ƙyaftawa, ƙaramin allonsa kuma na nuna lamba. Na duba littafin masu ƙera shi: lambar na nufin fanka ta biyu ta tsaya.

"Kwamiti bai ga lambag ga ba?" na tambaya.

"Mun gan ta," in ji sakataren kwamitin. "Mun ɗauka agogo na."

Na haɗa kwamfutata na buɗe log, wato tarihin da injin ke rubuta wa kansa, da rana da minti. Ba ya jin kunyar kowa, shi ya sa nake son sa. Har ranar takwas ga Afrilu komai lafiya. Ranar tara da hantsi zafi ya fara hawa, kamar an toshe masa hanyar iska. Ranar sha biyu fanka ta biyu ta rage gudu. Ranar sha huɗu ta tsaya cak. Tun daga nan, da rana ta take sai injin ya kashe kansa don kada ya ƙone. Wato duk ofishin shi ne mai hankali.

Na kwance murfin. Fankar cike take da ɓawon albasa, ja mai ƙyalli, ya dunƙule kamar sheƙar tsuntsu. Sai a lokacin hancina ya rarrabe warin da ke ƙarƙashin turaren.

"Mi ya faru ranat tara ga wata?" na tambaya.

Kowa ya shiga duba takalminsa. Safinatu ce ta amsa, a hankali.

"Rannan anka kawo albasar Alhaji daga gona. Buhu ashirin, ta iri. An ce nan ɗakin ya fi sanyi. Jiya da marece anka kwashe ta."

"Ba ki hwaɗi ba?"

"Na rubuta sau ukku. Kwamiti anka miƙa ma takardun."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Alhaji ya ja ni gefe, ya dafa kafaɗata.

"Wanga abin da injin yar rubuta, ba a goge shi?"

"Ba ni gogewa."

"To. Kai yaron kirki na." Ya rage murya. "Ka san in ka rubuta albasa, kwamiti zai ce wa ab bari anka shigo da ita. Makullin ɗakin hannunta shi ke. In ka rubuta zahin gari kuwa, ai zahi ba a ba shi takardas sallama. Kowa shi zauna wurinai."

Na dubi log ɗin, gaskiya layi-layi, ba ko ɗigon shakka. Na dubi Safinatu. Ta gane abin da ake ciniki a kai, kuma ba ta roƙe ni ba. Da ta roƙa da ya fi mini sauƙi.

Na share fankar, na kunna injin, fitila ta koma kore. Sannan na zauna na rubuta da hannuna cewa bincike ya nuna tsananin zafin gari ne ya jawo matsalar. Kwamiti ya yaba wa ƙwarewata. Nan take suka yanke shawarar cewa, don kariya daga zafi, Safinatu za ta riƙa buɗe injin kowace safiya tana share fanka. Ban kai ga tayar da babur ba na ga ana mayar da buhunan ciki.

Safinatu ta biyo ni waje da jakar kayan aikina da na manta.

"Na gode, Malam," ta ce. "Ka koya min kwance murhin kahin ka tahi."

Na koya mata. Da na koma wurin babur, na tarar an ɗaure mini rabin buhun albasa a baya. Na so in kwance shi in jefar, amma mutane na kallo, ita ma tana kallo, kuma gobe da safe nan za ta dawo aiki.

Har yau muna cin albasar a gida. Mai kyau ce, ba ko ɗaya da ta ruɓe. Ɗakin sabar kam yana da sanyi.